Tsoro ma yana cin dabba: darasi daga barewar daji zuwa garkenmu

 Darasinmu na wannan karo zai kai mu nesa, har ƙasashen da ƙanƙara ke rufe ciyawa, amma zan fara shi da wani kuskure da na yi da hannuna a nan gida.

Shekarun baya ina cikin ayarin masu allurar rigakafi a arewacin Dakoro. Aikin ya yi mana latti a wannan shekara, har zafi ya shigo, ciyawa ta yi ƙaranci, bisashe sun fara ramewa. Muka iso wata rijiya da hantsi, muna da rugage uku da za mu gama kafin la'asar. Shanun rugar farko suka ƙi shiga shinge. Sai na ce wa samari biyu su hau babura su koro su. Aka yi ta ihu, ana duka, karnuka na haushi, ƙura ta turnuƙe. Cikin awa biyu muka gama, na hau mota ina yabon kaina.

Da shekara ta zagayo muka koma, sai Arɗon rugar ya tare mu tun daga nesa. Ya ce, "Malam, bara da kuka tafi, shanuna biyu sun yi ɓari, nono ya ɗauke kusan mako guda, maraƙi ɗaya ya karye. Bana ba za ku taɓa mini ko akuya ba."

Na ce, "Baba Arɗo, maganin da muka yi muku shi muka yi wa rugar da ke gabas da ku a rana guda, kuma ba wadda ta yi ɓari a can."

Ya dube ni, ya ce, "To, in ba allura ba ce, kai ne."

Ɓari yana da dalilai da yawa, ciki har da bakkale da yunwa. Amma na san cewa a rugar gabas ba mu kori shanu da babur ba, masu su ne suka shigar da su da kansu. Tun daga ranar na fara neman ilimin abin da tsoro ke yi wa jikin dabba. Bayanin da ya fi gamsar da ni na same shi ne a binciken da aka yi kan barewar daji ta ƙasashen sanyi.

Wace barewa ake nufi?

Dabbar da zan yi magana a kanta ita ce wadda Faransawa ke kira *cerf*. Ba mu da ita a dajinmu. A Afirka, a tsaunukan arewacin nahiyar, irin na Aljeriya da Tunisiya, ake samun wani irinta. Ta bambanta da barewarmu a ƙaho: nata yana da rassa kamar itace, yana faɗuwa kowace shekara ya sake tsirowa, kuma a yawancin ire-irenta namiji ne kawai ke da shi. Akwai jar barewa ta Turai, akwai wata babba a Amurka da ake kira *elk*, akwai kuma *ren* ta ƙasashen ƙanƙara, wadda mutanen Sami na Norwe da maƙwabtanta ke kiwo kamar yadda muke kiwon shanu.

Abin da ya haɗa ta da bisashenmu shi ne ciki. Tana da tumbi mai ɗakuna huɗu, tana kiwo, tana kwanciya ta yi tuƙa, kamar saniya da tunkiya da akuya. Kuma duk dabbobi ne da Allah ya halitta ana farautarsu, don haka kullum kunnensu a tsaye yake. Yadda jikin wannan barewa ke amsa tsoro, haka jikin saniyarka ke amsawa. Amfanin kallon ta daji shi ne ba mai ba ta dusa ko magani da zai rufe ɓarnar, sai a ga komai a fili.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullin nama. Mahauta na ganinsa kullum, ba sa kula da shi. Idan dabba ta ga abin tsoro, ƙwaƙwalwa na aika saƙo, sai waɗannan ƴan ƙulle-ƙulle biyu su zuba sinadarai a cikin jini.

Na farko sunansa adarnalin, kuma nan take yake aiki. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, jini ya bar tumbi da hanji ya koma ƙafafu, tuƙa ta tsaya. Dabba ta shirya gudu.

Na biyu sunansa kotizol. Yana biyo baya cikin ƴan mintuna, kuma ya fi daɗewa. Aikinsa shi ne buɗe rumbun jiki: ya narkar da kitse da tsoka ya mai da su sukari, don dabba ta samu ƙarfin tsira. A lokaci guda yana rage duk aikin da jiki ke ganin zai iya jira, wato girma, da ɗaukar ciki, da yaƙi da cuta.

Wannan tsari rahama ce idan tsoron na ɗan lokaci ne. Barewa ta ga kura, ta gudu, ta tsira, ta koma kiwo, jini ya lafa. Matsala na zuwa ne idan tsoro ya ƙi ƙarewa, ko yana dawowa safe da yamma. Ka ɗauka magidanci ne da ke buɗe rumbu kullum yana ɗiba, ba ya zubawa. Kafin damina ta faɗi, rumbun ya zama wayam. Wannan hali shi nake kira takura a wannan darasi: dabba ba ta da rauni, ba ta da zazzaɓi, amma jikinta na cin kansa.

Masu bincike suna auna takura ba tare da sun taɓa dabba ba, domin kama barewa don ɗibar jini shi kansa zai tayar da kotizol ya ɓata awon. Sai su bi sawu su tsinci kashinta. Ragowar kotizol na fitowa a cikin kashi bayan kamar rabin yini zuwa yini guda, don haka kashin da aka tsinta da safe yana ba da labarin yadda dabba ta wuni jiya.

Abubuwa biyar da aka gano

Na farko: hayaniya kaɗai ta isa. A gandun dajin Yelosuton na Amurka, masu yawon buɗe ido na shiga da wani irin babur da ke tafiya bisa ƙanƙara. Wani masani mai suna Scott Creel da abokan aikinsa suka tattara kashin *elk* a lokacin sanyi, suka buga sakamakon a shekarar 2002. Sun ga cewa ranakun da baburan suka yi yawa, sinadarin takura ma yana hawa. Ba wanda ya harbi dabbobin. Masu binciken sun faɗi gaskiya cewa ba su ga alamar hakan ya rage yawan garken ba a lokacin. Wato dabba na iya jure wani gwargwado na takura, amma jikinta na biyan kuɗin.

Na biyu: dabbar da ke gadi ba ta cin abinci. A lardin Albata na Kanada, wani bincike da aka buga a 2012 ya nuna cewa kusa da hanyoyin mota da wuraren da mutane ke zirga-zirga, *elk* na ƙara ɗaga kai tana dube-dube, tana rage kiwo, kuma tasirin mutum a kan halinta ya fi na namun dajin da ke cinta. Wani nazari na 2018, wanda ya haɗa bincike 76 kan nau'in dabbobi 62 daga sassan duniya, ya gano cewa inda mutane suka yi yawa, namun daji na mayar da harkokinsu cikin dare. A Norwe kuma an daɗe ana ganin *ren*, musamman mata masu ƴaƴa, suna ƙaurace wa makiyaya mai kyau saboda hanya ko gidajen shaƙatawa da aka gina kusa. Ciyawar na nan, amma ga dabbar kamar babu ita.

Na uku: lokacin haihuwa ya fi kowane lokaci haɗari. A jihar Kolorado ta Amurka, masu bincike sun riƙa tunkarar matan *elk* da ƙafa da gangan a lokacin haihuwa, har su tashi su gudu. Ba duka, ba harbi. A shekarun da aka yi haka, yawan ƴaƴan da aka gani tare da uwayensu ya ragu. Uwar da ake tayarwa kullum ba ta samun natsuwar shayarwa, ɗan kuma yana zama shi kaɗai a gaban mai cinsa.

Na huɗu: doguwar kora tana lalata jiki daga ciki. A Ingila, a da akwai al'adar farautar jar barewa da dawakai da karnuka. A shekarar 1997, Farfesa Patrick Bateson na jami'ar Kambirij ya auna jinin barewar da aka kora haka, kimanin kilomita 19 a matsakaici. Ya tarar kotizol ya hau ƙwarai, sukarin da jiki ya ajiye ya ƙare, tsoka ta lalace, ƙwayoyin jini sun farfashe. Bayan rahotonsa, ƙungiyar National Trust ta hana irin wannan farauta a filayenta. Likitocin namun daji sun san wannan ciwo sarai: dabbar da aka kora ko aka kama da ƙarfi na iya tsira a ranar, sai bayan awoyi ko kwanaki ƙafafunta su sandare, fitsarinta ya yi duhu, ta mutu.

Na biyar, kuma shi ne mai ba da fata: dabba na sabawa da abin da ta san lokacinsa da hanyarsa. An lura cewa barewa ta fi gudun mutumin da ya bar hanya ya kutsa daji a kan wanda ke bin hanyar da aka saba bi, kuma sau da yawa ta fi tsoron mai tafiya da ƙafa a kan motar da ke wucewa ba ta tsaya ba. Inda ake farautarta, ta fi gudu tun daga nesa. Abin da ke firgita ta shi ne ba-zata, da abin da ya taɓa cutar da ita. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

A dajinmu fa?

Ba mu da *cerf*, amma muna da danginta na nesa, kuma labarin bai bambanta ba. A watan Maris na 2012, gwamnatin Nijar ta kafa gandun dajin Termit da Tin Tumma, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 97,000, domin kare namun hamada irin su mena da farar dabbar nan mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira adaks. A 2010 an ƙiyasta adaks kimanin 200 a yankin. A 2016, wani bincike ta sama da ƙasa ya ga guda 3 kacal. Ƙungiyar IUCN ta danganta wannan da hayaniyar aikin man fetur da kuma farautar da doka ta hana. Dabbar hamada na rayuwa ne da tsimin ruwa da ƙarfi. In mota ta kore ta da tsakar rana, ko ba a harbe ta ba, an riga an yi mata illa.

Ga kuma misali mai daɗi. A watan Nuwamba na 2018, an ɗauki raƙuman dawa 8 daga yankin Kure kusa da Yamai, aka kai su gandun Gadabeji na jihar Maradi, tafiyar fiye da kilomita 800. Ba a kama su yau aka loda gobe ba. An ajiye su ƴan makonni a cikin shinge, suka natsu, suka saba da mutane, sannan aka ɗora su a mota. Masu aikin sun san abin da ni ban sani ba a bakin rijiyar nan.

Mu da muke kiwo kusa da irin waɗannan wurare muna da namu nauyin. Yaro ya bi barewa da babur don wasa, ko a saki karnuka su bi ta, ko a kafa zango a bakin tabki guda da ya rage a rani har dare, duk takura ce. In ka ga ɗan barewa kwance shi kaɗai a ƙarƙashin ciyawa, ka bar shi. Uwarsa ce ta ɓoye shi, tana nan kusa tana jiran ka wuce.

Inda muke asara a garkenmu

Yanzu mu dawo gida. Dabbar gida ta saba da mutum fiye da ta daji, amma ƴan ƙulle-ƙullen nan na saman ƙoda suna nan suna aiki. Ga wurare huɗu da takura ke cin dukiyarmu ba mu lura ba.

*Wajen tatsa.* Mata sun riga likitoci sanin wannan. Saniya ba ta sakin nono sai wani sinadari mai suna oksitosin ya matse hantsa daga ciki, kuma aikinsa na ƴan mintuna ne. Tsotson maraƙi da hannun da ta sani su ke tayar da shi. Adarnalin kuwa yana tare masa hanya. Shi ya sa in kare ya yi haushi ko baƙo ya tsaya a kanta, sai a ce saniya ta ɗauke nono. Ba taurin kai ba ne, kuma duka ƙara shi yake yi.

*Bakin rijiya.* A rani garkuna da yawa ke haɗuwa a mashaya guda. Ana tura juna, ana duka, manya na ture ƙanana. Mai ciki da ramammiya su ne ke sha a ƙarshe, cikin tsoro, ba su ƙoshi ba. Saniya na bukatar awa 6 zuwa 8 na tuƙa a yini, kuma ba ta tuƙa sosai sai hankalinta ya kwanta. Wadda ta wuni a firgice, ko ta ci, abincin ba ya zama jiki yadda ya kamata.

*Hanyar kasuwa.* Dabbar da aka kora da sauri, aka ɗaure a rana, aka cusa a babbar mota ba ruwa, tana isa da jiki a buɗe ga cuta. Akwai ƙwayoyin cuta da ke zaune a hancin lafiyayyar dabba ba sa yi mata komai. In kotizol ya raunana garkuwar jiki, sai su sauka huhu. Shi ya sa ragon da ka saya lafiya lau yake fara tari da majina bayan ƴan kwanaki. Ga mahauta kuma: dabbar da aka yanka a gajiye, sukarin tsokarta ya ƙare, namanta kan yi duhu, ya bushe a ido, kuma ya fi saurin lalacewa.

*Shingen rigakafi.* Allura na aiki ne ta hanyar koya wa jiki gane cuta. Jikin da ke cikin doguwar takura da yunwa ba ya koyo da kyau. Ga haɗarin karaya da ɓari a cikin turereniya. Babbar asara kuma ita ce wadda na jawo: makiyayi ya ɗora laifi a kan allura, ya hana garkensa rigakafin ciwon huhun shanu ko annobar tumaki da awaki, cutar ta zo ta same su a buɗe.

Yadda za a gane dabbar da ke cikin takura

Ba sai da awon kashi ba. Idon makiyayi ya isa. Ka duba kai a sama da kunnuwa a tsaye alhali sauran na kiwo. Ka duba farin ido ya fito, jela na kaɗawa ba ƙuda, kashi mai ruwa da fitsari akai-akai a lokacin da ake kama ta, numfashi da sauri ba gudu ta yi ba. Garken da ya dunƙule wuri guda kowa na tura kansa tsakiya, a tsorace yake. Alama mafi sauƙi ita ce tuƙa. Da tsakar rana a inuwa, ko da dare a zango, ka ƙirga nawa ke tuƙa cikin waɗanda ke kwance. In kaɗan ne, akwai abin da ke damun garken, ko cuta ko tsoro, kuma ya kamata a nemo shi.

Abin da za mu iya yi, ba tare da kashe ko dala ba

1. Mu san tazarar dabba. Kowace dabba na da wani fili kewaye da ita, wanda in ka shiga sai ta matsa, in ka fita sai ta tsaya. Wata masaniyar halayyar dabbobi a Amurka, Temple Grandin, ta yi suna wajen bayyana wannan, amma duk yaron da ya tashi a ruga ya san shi a aikace. Ka yi aiki a bakin wannan fili. In ka kutsa can ciki, gudu za ta yi.

2. Kafaɗa ita ce ma'auni. In ka tsaya ta bayan kafaɗar saniya, gaba za ta yi. In ka tsaya ta gabanta, baya za ta ja. Sau da yawa a shingen allura mutum na tsaye a gaban saniya yana dukanta don ta shiga, alhali shi ne ya tare ta. Kada kuma ka tsaya daidai bayan jela, domin nan ba ta gani, sai ta juyo ko ta yi harbi.

3. Ba babur, ba kare, ba ihu wajen tara bisashe. Mai garke da ƴaƴansa su shigar da su da muryar da suka sani. A bar ja-gabar garke ta fara shiga, sauran za su bi. A shigar da su kaɗan-kaɗan, kada a cika shinge.

4. A zaɓi lokaci. Allura, ɗori, loda mota, duk a yi su da sanyin safiya ko da yamma. A shayar da bisashe, su huta, kafin a fara. Masu tsohon ciki da ƙananan maruƙa a ware su, a yi musu a ƙarshe a hankali, kuma a gaya wa ma'aikacin kiwo waɗanda ke da ciki tun kafin ya ɗauki allura.

5. Kada a tara wahala biyu a rana guda. Yaye, da fiɗiya, da allura, da doguwar tafiya, a raba su da kwanaki.

6. A kiyaye sabo. Tatsa a wuri guda, a lokaci guda, da hannu guda in zai yiwu. Uwar da ta haihu a ba ta wuri mai inuwa nesa da yara da karnuka, ta lashe ɗanta, ya sha dakashi a awoyin farko.

7. Dabbar da aka sayo a ware ta daga garke kamar mako biyu, a ba ta ruwa da ciyawa da inuwa, ana lura da ita. Wannan na ba ta damar murmurewa, yana kuma kare garke in ta zo da cuta. Wadda za a yanka ma a bar ta ta huta ta sha ruwa tukuna.

8. Abin da mutum guda ba zai iya ba, ƙungiya za ta iya. A tsara layin shayarwa a rijiya, garke bayan garke, a ba masu ciki da ƙanana kwami nasu. A gyara shingen rigakafi kafin ayari ya iso: a cire ƙarfen da ya fito, a cike ramuka, a kawar da leda ko tsumman da iska ke kaɗawa a bakin ƙofa, domin abu kaɗan irin wannan na tsayar da garke duka. A kuma tsaya kan kare burtali, domin garken da ke ratsa tsakanin gonaki ana jifansa ana korarsa, a takure yake tafiya tun safe har dare.

Darasin barewar ƙanƙara ya fi shafarmu a ƙarshen rani da bazara. Su can, lokacin sanyi ne rumbun jikin dabba ke ƙarewa, shi ya sa a wasu wurare ake rufe daji ga masu yawo a watannin. Mu a nan, daga Afrilu zuwa faɗuwar damina ne. Korar da saniya za ta jure da kaka, ita ce za ta kwantar da ita a bazara.

Tambayoyi don taron ƙungiya

A taronku na gaba, ku tattauna waɗannan: A wane wuri ne bisashenmu suka fi shan duka da hayaniya? Bayan rigakafin bara, wa ya ga ɓari ko raguwar nono, kuma yaya aka tara garkensa a ranar? Wa za mu ɗora wa alhakin tsara layi a rijiya da shinge bana? Ku saurari mata masu tatsa da yara masu kiwo, domin su suka fi kowa ganin alamun da na lissafa.

Game da Arɗon nan, sai da na koma wurinsa sau biyu, ba da kwalbar magani ba. A karo na biyu na ce, "Baba Arɗo, ka faɗi gaskiya, ni ne. Bana ku za ku shigar da shanunku da kanku, mu allura kawai za mu yi." Ya yarda da sharaɗi guda: mu kwana a rugar, mu fara da asuba, mu bar mota da babura can bayan tudu. Babban ɗansa ya tsaya a bakin shinge yana kiran shanun da sunayensu, suna shiga biyar-biyar. Masu ciki aka yi musu a ƙarshe, a tsaye inda suke. Aikin ya ɗauki awa uku maimakon biyu. Da muka gama, matan rugar suka yi tatsarsu kamar kullum, suka kawo mana kindirmo a ƙwarya.

In kuna da tambaya kan tsara ranar rigakafi a yankinku, ku tuntuɓi ma'aikacin kiwo mafi kusa da ku tun kafin ayari ya iso, ku zauna tare ku shirya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mana dukiyarmu.